Afuwar shugaban ƙasa da ta gwamna: abin da take gogewa da abin da take bari

Wani mai karatu daga Azare ya rubuto:

"Assalamu alaikum Barista. Shekara shida ke nan da aka kashe yayana a kan rikicin gona. Babbar kotun jiha ta yanke wa wanda ya kashe shi hukuncin kisa, yana tsare har yanzu. Tun da aka fara maganar afuwar shugaban ƙasa a rediyo mahaifiyarmu ba ta barci, wai kada mu wayi gari mu gan shi yana yawo a kasuwa. Shin shugaban ƙasa yana da ikon sakinsa ba tare da an tambaye mu ba? Idan aka yi wa mutum afuwa, laifin ya goge ke nan kamar bai yi ba? Kuma me ya sa ake yafe wa waɗanda suka ci dukiyar gwamnati, har su dawo neman kujera, babu wanda ya isa ya hana?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan yayanka, ya ba Hajiya haƙuri da dangana. Tambayarka uku ce a dunƙule: wane ne ke da ikon sakin wannan mutum, me afuwa take yi wa hukuncin kotu, sannan wa ke iya taka wa mai afuwa birki. Bari in fara da wadda ta hana Hajiya barci. Idan babbar kotun jihar Bauchi ce ta yanke hukuncin a ƙarƙashin dokar laifuka ta jiha, wato Final Kod, shugaban ƙasa ba shi da hannu a maganar ko kaɗan. Wanda alƙalaminsa zai iya taɓa wannan hukunci shi ne gwamna. Don haka hankalinku ya koma Bauchi, can ne ya kamata a sa ido.

Wa ke yafe wane laifi

Kundin tsarin mulki na 1999 ya raba ikon gida biyu. Sashe na 175 ya ba shugaban ƙasa ikon afuwa a kan laifin da dokar Majalisar Tarayya ta ƙirƙira. Sashe na 212 ya ba gwamna irin wannan iko a kan laifin da dokar jiharsa ta ƙirƙira. Abin dubawa shi ne dokar da aka hukunta mutum da ita. Gidan yarin da yake ciki ba shi ne ma'auni ba, domin za ka tarar da fursunoni biyu a ɗaki ɗaya a gidan gyaran hali na Bauchi, ɗaya NDLEA ce ta kai shi babbar kotun tarayya a kan safarar ƙwaya, ɗayan kuma ma'aikatar shari'a ta jiha ce ta gurfanar da shi a kan kisan kai. Na farko takardarsa Abuja za ta, na biyu gidan gwamnati.

Abin da ke rikita mutane shi ne ganin shugaban ƙasa ya taɓa hukuncin kisan kai, kamar na Maryam Sanda da aka yanke wa kisa kan kashe mijinta, ko na tsofaffin gwamnoni da suka ci kuɗin jihohinsu. Dalili shi ne a Abuja aka yi musu shari'a, kuma Final Kod da ake aiki da ita a babban birnin tarayya doka ce ta Majalisar Tarayya, tunda Abuja ba ta da majalisar dokokin jiha. Da a Azare ko Misau aka yi wannan shari'a, da shugaban ƙasa sai dai ya ji labari.

Dukkansu biyu an ce su yi shawara kafin su sa hannu. Shugaban ƙasa yana tuntuɓar Majalisar Ƙoli ta Ƙasa, wadda ta ƙunshi shi kansa da mataimakinsa, da tsofaffin shugabannin ƙasa, da tsofaffin alƙalan alƙalai na ƙasa, da shugaban Majalisar Dattawa, da kakakin Majalisar Wakilai, da gwamnoni duka, da Antoni Janar na tarayya. Gwamna kuma yana tuntuɓar kwamitin afuwa da dokar jiharsa ta kafa. Tuntuɓa ce kawai, ba a ce dole ya bi abin da suka faɗa ba. Inda kalmomin suka fi ɗaure shugaban ƙasa shi ne laifin soja da hukuncin kotun soja, nan kundin ya ce ya yi aiki bisa shawarar majalisar. Akwai kuma hukunci ɗaya da afuwa ba ta isa gare shi sam: wanda Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta yanke. Jadawali na biyar na kundin ya faɗa ƙarara cewa ikon afuwa bai shafi wannan ba.

Ka lura da abin da babu a jerin nan. Babu inda aka ce a nemi iyalan mamaci. Amsar tambayarka ta farko ke nan, kuma amsa ce mai ɗaci: a doka gwamna zai iya sa hannu ba tare da kun sani ba.

Ba duk sakin fursuna ne afuwa ba

A bakin mutane kome afuwa ne, amma sassan biyu sun ambaci abubuwa huɗu, kuma sakamakonsu ya sha bamban. Akwai afuwa ita kanta, ko dai sakakkiya ko mai sharaɗi. Akwai jinkirta zartar da hukunci na wani lokaci ko har illa ma sha Allahu. Akwai musanya hukunci mai tsanani da mai sauƙi, wato sassauci, kamar mayar da kisa ɗaurin rai da rai. Akwai kuma yafe ragowar hukunci ko tara ko dukiyar da aka ce a ƙwace wa hukuma.

Ga mutum irin wanda kake magana a kai, abin da aka saba gani shi ne na uku. Da wuya a ɗauki mai hukuncin kisa a buɗe masa ƙofa rana ɗaya. Mataki-mataki ake bi: a wannan bikin 1 ga Oktoba a mayar da kisa ɗaurin rai da rai, bayan wasu shekaru wani gwamnan ya mayar da rai da rai shekara ashirin ko sha biyar, sai a wayi gari lissafi ya cika. Kuma lissafin gidan yari yana da rangwamen kashi ɗaya cikin uku ga fursuna mai kyakkyawan hali, wanda shi ne asalin maganar da ake yi cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Wanda aka mayar wa hukunci shekara goma sha biyu, in bai yi laifi a ciki ba, takwas zai yi. Iyalai da yawa ba sa jin labarin matakin farko, sai na ƙarshe ya zo musu kamar saukar aradu.

Akwai wata ƙofar ma da ba ta bi ta gidan gwamnati. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019, sashe na 12, ta ce idan mai hukuncin kisa ya gama ɗaukaka ƙararsa duka, aka yi shekara goma ba a zartar ba, Babban Jojin jiha zai iya mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. Tunda gwamnoni sun daɗe suna gudun sa hannu a takardar kisa, wannan sashe zai riƙa aiki sosai nan gaba.

Sauran hanyoyin da ake kira afuwa bisa kuskure kuwa, ga su a taƙaice. Zagayen da Babban Joji ke yi gidajen yari yana sallamar mutane, wannan na masu jiran shari'a ne da suka daɗe a tsare, ba waɗanda aka yanke wa hukunci ba. Biyan tara da gwamna ko wani attajiri ke yi wa fursunoni da azumi, cika hukunci ne, an biya abin da kotu ta ce a biya, laifin yana nan a rubuce. Janye ƙara da Antoni Janar ke yi a ƙarƙashin sashe na 174 ko 211, sallama ce da ba ta hana a sake gurfanar da mutum gobe.

Me cikakkiyar afuwa take gogewa

Shari'ar da lauyoyi ke komawa gare ta ita ce ta Falae da Obasanjo a 1999. An ɗaure Obasanjo a 1995 zamanin Abacha bisa zargin juyin mulki, Janar Abdulsalami ya sake shi a 1998 ya kuma yi masa afuwa. Da ya ci zaɓe, Olu Falae ya je kotu yana cewa wanda aka taɓa ɗaurewa bai cancanci takara ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce afuwa tana mayar da mutum sabo a idon doka, tana ɗauke masa hukunci da duk haramcin da ya biyo bayan laifin. Sashe na 36(10) ya ƙara da cewa wanda ya nuna an yi masa afuwa a kan wani laifi, ba za a sake yi masa shari'a a kan wannan laifin ba.

Nan ne amsar maganar takara take. Sassa na 66, 107, 137 da 182 sun hana mutum tsayawa majalisar tarayya, ko ta jiha, ko shugaban ƙasa, ko gwamna, idan yana ƙarƙashin hukuncin kisa ko ɗauri, ko kuma idan cikin shekara goma kafin zaɓen an same shi da laifin da ya shafi rashin gaskiya. Cikakkiyar afuwa tana share wannan shekara goman. Shi ya sa za ka ga an yi wa mutum afuwa alhali ya riga ya gama zaman gidan yari, ka ce to me ya rage. Faruk Lawan, tsohon ɗan Majalisar Wakilai, ya fito daga gidan yarin Kuje a Oktoban 2024 bayan ya kammala hukuncin shekara biyar da aka yanke masa a kan cin hancin dala 500,000, afuwar ta zo masa a Oktoban 2025. Ba ta rage masa kwana ko ɗaya ba, amma ta buɗe masa ƙofar siyasa da aikin gwamnati. Haka Salisu Buhari, kakakin Majalisar Wakilai da ya sauka a 1999 kan takardun bogi, Obasanjo ya yi masa afuwa a 2000.

Sassauci bai yin wannan aiki. Wanda aka rage wa hukunci mai laifi ne har gobe, kuma kundin ya ma faɗa cewa hukuncin da hukuma ta musanya da wani, shi ma yana hana takara muddin mutum yana ƙarƙashinsa.

To me afuwa take bari? Na farko, ba ta ce mutum bai yi ba. Kotu ce kaɗai ke wanke mutum. Hukuncin yana nan a kundin kotu, jarida za ta iya ambatonsa, ɗan hamayya zai iya tuna wa jama'a a filin kamfen. Wannan ne ya sa da Shugaba Tinubu ya sanar da afuwa ga Ken Saro-Wiwa da sauran 'yan Ogoni takwas a ranar 12 ga Yunin 2025, shekara talatin bayan rataye su a 1995, masu fafutukarsu da dama suka ce su wankewa suke nema, domin ana yafe wa mai laifi ne.

Na biyu, kuma wannan ya shafe ku kai tsaye, afuwa tana yafe haƙƙin hukuma ne kawai. Kalmomin kundin sun tsaya a kan hukunci da tara da ƙwacen da ya kamata ya shiga hannun hukuma. Haƙƙin mutum a kan mutum, kamar diyya, ko bashi, ko dukiyar da aka cinye wa wani, gwamna ba shi da ikon kyauta da shi, don ba nasa ba ne. Wanda aka damfara zai iya bin kuɗinsa a kotun farar hula ko da an yi wa ɗan damfarar afuwa sau goma.

Na uku, dukiyar da gwamnati ta riga ta ƙwace ba ta dawowa da kanta. Sai an karanta takardar afuwar an ga ko ta ambaci hakan. Haka aiki da muƙami da fansho. Shagari ya yi wa Gowon afuwa a 1981, amma sai 1987 Babangida ya mayar masa da muƙaminsa na soja, mataki ne daban.

Na huɗu, afuwa ba ta tsallaka iyaka. Jonathan ya yafe wa tsohon gwamnan Bayelsa Diepreye Alamieyeseigha a Maris 2013, amma hakan bai shafi shari'ar da ya gudo ya bari a Landan a 2005 ba, bai kuma hana Amurka riƙe kadarorinsa da ta ƙwace ba, har ta dawo wa Najeriya da kusan dala miliyan ɗaya daga ciki a 2023. Mai afuwa da ke cike takardar biza, in an tambaye shi ko an taɓa samunsa da laifi, gaskiya ita ce ya ce e, ya haɗa da takardar afuwar.

Lokacin yin afuwa, da inda kotu ke sa baki

A ƙa'ida kotu ba ta tambayar shugaba dalilin da ya sa ya tausaya wa wane ya bar wane. Amma ta sha shiga maganar lokaci da hurumi. A shari'ar Solola a 2005 Kotun Ƙoli ta yi gargaɗi cewa mai hukuncin kisa da ƙararsa ba ta kammala a gabanta ba, shugaban ƙasa ko gwamna ba zai yi masa afuwa ba sai an gama. Wannan ƙa'ida ta sake tasowa a 2025. An sa sunan Maryam Sanda a jerin afuwa na farko na mutum 175 da fadar shugaban ƙasa ta fitar a Oktoba, bayan ƙorafin jama'a aka mayar da nata ɗaurin shekara goma sha biyu, sai kuma a Disamba Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisan, tana mai cewa bai dace ɓangaren zartarwa ya sa hannu a shari'ar da ke gabanta ba.

Saboda haka abu na farko da lauyanku zai bincika shi ne matsayin ɗaukaka ƙara. Shekara shida ba ta da yawa ga shari'ar kisa a ƙasar nan, mai yiwuwa tana Kotun Ɗaukaka Ƙara ko Kotun Ƙoli. In haka ne, duk afuwar da aka yi masa yanzu tana tsaye ne a kan ƙafa ɗaya. Na sha faɗa wa iyalai cewa haɗarin da ke gabansu a wannan mataki ya fi yawa ta wajen kotu: ƙara ta yi nasara saboda wani kuskuren da aka yi wajen ɗaukar bayanin wanda ake tuhuma, ko shaidar likita da ba a gabatar yadda ya kamata ba. Ku tabbata ma'aikatar shari'a ta shigar da takardunta na kare hukuncin, kada a bar shari'ar ba mai kula.

Afuwa kafin hukunci ita ma akwai ja-in-ja a kanta. Kundin ya ce a iya yafe wa wanda aka samu da laifi ko wanda ke da hannu a laifin, kuma da wannan kalma Umaru 'Yar'adua ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa a Yunin 2009 ba tare da an gurfanar da su ba, haka Shagari ya yi wa Ojukwu a 1982. Amma a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi amincewa da afuwar da gwamnatin Sakkwato ta yi wa wasu jami'ai da EFCC ke tsakiyar shari'a da su, bisa hujjar cewa wanda ba a samu da laifi ba babu abin da za a yafe masa. A Amurka, inda muka kwaso tsarin shugaba mai cikakken iko, wannan ba abin musu ba ne. Shugaba Ford ya yafe wa tsohon shugaba Nixon a Satumban 1974 kafin a tuhume shi da kome.

Abin da Shari'ar Musulunci ta tanada

Na san a zuciyar Hajiya akwai wannan tambaya ko da ba ku rubuta ba: ashe ba mu ne masu jini ba? A fiƙihu haka ne. Aya ta 178 a Suratul Baƙara ta ɗora afuwar kisasi a hannun ɗan'uwan mamaci, aya ta 33 a Suratul Isra'i ta ce an ba waliyyinsa iko. Shugaba yana da sarari a hukuncin ta'aziri, wato horon da aka bar wa hukuma ta ƙayyade. Haddi kuwa in ya iso gaban hukuma babu ceto a cikinsa, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna wa Usama a kan matar nan ta Banu Makhzum. A mazhabar Malikiyya da muke bi, Risala ta kawo cewa idan ɗaya daga 'ya'ya maza ya yafe, kisa ya faɗi, sauran su karɓi rabonsu na diyya. Wanda aka yafe wa kisan ganganci ana yi masa bulala ɗari da ɗaurin shekara guda. Kisan gilla kuwa, wanda aka yaudari mutum aka kashe shi, babu afuwa a cikinsa ko daga waliyyai.

Bauchi tana da dokar laifuka ta Shari'a tun 2001, amma shari'arku a babbar kotu aka yi ta, a kan Final Kod, inda ake ɗaukar kisa laifi ne ga hukuma, iyali kuma shaidu ne kawai. Ko a kotun Shari'a aka yi, sashe na 212 bai ware ta ba, kuma kundin tsarin mulki yana gaba da dokar jiha. A ganina wannan giɓi ne babba. Babu abin da zai hana Majalisar Dokokin Bauchi ko ta Gombe ta gyara dokar kwamitin afuwa ta wajabta sanar da iyalan mamaci a rubuce da sauraronsu kafin a kai wa gwamna sunan mai laifin kisa. Hakan bai ƙwace ikon gwamna ba, ya gyara hanyar shawara ne, kuma ya dace da abin da mutanenmu suka sani a addininsu.

Me ya sa manya ke samu

Dubi waɗanda ke zama a Majalisar Ƙoli: gwamnoni masu ci da tsofaffin shugabanni. A Afrilun 2022 wannan majalisa ta amince da afuwa ga mutum 159, cikinsu har da tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, maƙwabtanmu duka biyun. EFCC ta gurfanar da su tun 2007, sai 2018 aka yanke wa kowannensu shekara goma sha huɗu a kan kuɗin da ya haura naira biliyan ɗaya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage na Dariye zuwa goma, na Nyame zuwa sha biyu, Kotun Ƙoli ta tabbatar. Shekara goma sha ɗaya ana shari'a, suka yi kamar huɗu a Kuje suka fito. Ka sa kanka a matsayin jami'in da ya yi binciken, ko shaidar da ya fito ya yi magana yana tsoron ransa. Gobe in aka ce ya sake, da wane ƙarfin guiwa? Ita ce babbar ɓarnar irin wannan afuwa, ba ta tsaya a kan mutum biyu ba, tana sanyaya jikin masu bincike, tana kuma koya wa mai riƙe da baitulmali cewa in yana da uwa a gindin murhu ba zai ci tuwonsa gaya ba. Ƙasashen da muke roƙo su dawo mana da kuɗin sata su ma suna kallo. Ofishin jakadancin Amurka ya fito fili ya nuna takaicinsa a 2013 kan afuwar Alamieyeseigha.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a soke ikon. Sakin Awolowo da Gowon ya yi a 1966, da dawowar Ojukwu gida a 1982, sun taimaka wajen ɗinke ɓaraka. A Afrilun 2020, lokacin korona, Buhari ya amince da sakin fursunoni kimanin 2,600, akasarinsu tsofaffi da marasa lafiya da waɗanda wa'adinsu ya kusa cika. Duk wanda ya san gidajen yarinmu ya san akwai dattijon da ya makance a ciki, akwai wanda aka yanke wa hukunci yana yaro ba lauyan kirki. Don irinsu aka yi afuwa. Matsalar ita ce shi talaka ba shi da mai kai sunansa.

Birkin da ya rage na siyasa ne, kuma yana ci in jama'a suka taka shi da wuri. A Oktoban 2025, cikin mako uku da fitar jerin 175, fadar shugaban ƙasa ta janye sunayen masu laifin garkuwa da mutane da safarar ƙwaya da makamai, ta kuma mayar da sakatariyar kwamitin afuwa ƙarƙashin ma'aikatar shari'a. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne ba a riga an sa hannu a takardun sakin ba. Da zarar an sa hannu, mutum ya fita da takardarsa, sashe na 36(10) ya rufe ƙofa. Sauran birkin shi ne akwatin zaɓe, shi ya sa shugabanni ke son yin afuwa mai nauyi a ƙarshen wa'adi, lokacin da ba su da sauran ƙuri'ar da za su nema.

Abin da za ku yi yanzu

Ban ga takardun shari'arku ba, saboda haka duk abin da na faɗa ya rataya ne a kan cewa Final Kod ta jiha aka yi amfani da ita. Ku je rajistarar babbar kotun da ta yi shari'ar ku nemi kwafin hukuncin mai hatimi, za ku ga lambar ƙara da sashen dokar a shafin farko. Da wannan lamba lauya zai gano inda ɗaukaka ƙara ta tsaya.

Daga nan ku rubuta takarda zuwa ga Antoni Janar kuma kwamishinan shari'a na jiha, ku aika kwafi ga kwamitin afuwa da shugaban hukumar gidajen gyaran hali na jiha. Ku faɗi ko ku su wane ne ga mamacin, da marayun da ya bari da shekarunsu, da cewa ba ku yafe ba, da cewa kuna neman a sanar da ku kafin a duba duk wata buƙatar sassauci. In an taɓa yi muku barazana daga ɓangarensa, ku rubuta da kwanan wata. Ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kwafinku, kuma ku sabunta takardar duk lokacin da aka sauya gwamnati ko kwamishina, domin fayil yana ɓata. Doka ba ta tilasta musu bin ra'ayinku ba, amma kwamiti yana jin nauyin sa sunan da akwai ƙorafin iyali a rubuce a kansa, musamman a ƙaramin gari inda sakin mutum zai iya tayar da fitina.

Ku haɗa kanku a cikin gida. Inda aka fi samun matsala shi ne dangin mai laifi su zagaya su sami wani baffa ko ƙane shi kaɗai, a ba shi wani abu, ya sa hannu a takardar sulhu da sunan iyali, a haɗa ta da takardar neman afuwa. Ku zauna da Hajiya da matar marigayin da 'ya'yansa ku tsayar da magana ɗaya da mutum ɗaya da zai riƙa magana da yawunku. In kuma wata rana zuciyarku ta karkata ga yafewa ko karɓar diyya, wannan haƙƙinku ne kuma akwai lada a ciki, amma a yi shi a gaban alƙali, a rubuta rabon marayu, kada a yi shi a zaure. Maganar neman diyya ta hanyar ƙarar farar hula kuma tana da wa'adi a doka, shekara shida ta riga ta yi nisa, don haka ku sa lauya ya duba wannan a zamanku na farko.